Kiwo a Kan Falalen Dutse: Tafiya Zuwa Futa Jalon

Motar Labe ba ta tashi sai ta cika, kuma abin da ake kira cika a tashar Konakiri ya wuce wanda ka sani a Unguwa Uku. Fijo ce doguwa, aka zuba mu mutum 9 banda direba, aka ɗaure kaya a bisa har tsayinsu ya kusa na motar, sannan yaron mota ya haye ƙololuwa ya zauna abinsa. Ba wanda ya yi ƙorafi, ni ma na ja bakina. Abokin tafiyata malamin gona ne, Bafulatanin Labe, wanda zaman aiki a Yamai ya koya masa Hausa irin ta Nijar. Shi ya jawo ni wannan tafiya da wata magana da ya taɓa yi mini, wai a ƙasarsu saniya tana kiwo a kan dutse kuma ta ƙoshi. Na ɗauke ta zuƙi-ta-malle, amma ta ƙi fita daga raina.

Daga Konakiri zuwa Labe kilomita 400 ne da ɗoriya, kuma kusan duk hawa ake yi. Muna wuce Koya, iskar teku mai ɗanɗanon gishiri ta sake mu. Kafin mu isa Kindiya duwatsu sun fara tsayawa a gefen hanya, ba irin mulmulallun nan na Dutsin-Ma ko Kwatarkwashi ba. Waɗannan miƙaƙƙu ne kamar an yanka da wuƙa, samansu a shafe, jikinsu hawa-hawa, fari da ja da ruwan toka. Malam ya zungure ni ya ce in duba da kyau, domin duk abin da zan gani a gaba daga nan ya samo asali. Dutsen yashi ne, wato yashin da ruwa ya tara ya danne har ya daskare, shekaru sama da miliyan 400 da suka wuce. Masana duwatsu ma da sunan garin Pita suke kiran wannan shimfiɗa. Ya ce in ina son ɗan'uwansa a gida, in tuna Dutsen Bima na wajen Gombe, ko da yake na Bima yaro ne a kan wannan.

Na ce masa to mene ne aibin yashi, mu da muke noma gero da gyaɗa a jigawa? Ya yi dariya. Ya ce dutse shi ne uwar ƙasa, abin da ke jikin uwa shi ɗa ke tsotsa. Dutsen yashi kusan duk farin ƙwayar yashi ne zalla, in ya ruɓe ba ya ba da komai sai yashin. Ba sinadarin da tsiro zai ci, ba laka mai riƙe ruwa. Ga shi da taurin kai wajen ruɓewa, ga gangare, ga ruwan sama da ke haura milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ɗan abin da dutsen ya saki, ruwa ya wanke ya yi ƙasa da shi.

A Mamu muka tsaya sallah da cin abinci. Nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi gabas wajen Timbo, mu muka yi arewa. Na so a ce ta Timbo muka bi, don can ne fadar Almamai, daular Musulunci da Karamoko Alfa ya kafa wajen 1725, kusan shekara 80 kafin jihadin Shehu Usmanu. Ta daɗe har 1896, lokacin da Faransawa suka karya Almami Bokar Biro a Poredaka. Ni da nake ganin na san tarihin Fulani, ashe rabinsa na sani, kuma rabin da ya fi kusa da ƙofar gidanmu.

Dalaba na sama da mita 1,200, kuma a watan Nuwamba sanyinta ba ya wasa. Na zo da riguna marasa nauyi, tunda Gini na ji aka ce, sai da na ari bargo na yafa kamar mai zazzaɓi. Faransawa sun mai da garin wurin hutawarsu, suka dasa wasu itatuwa masu ganye kamar allura, suna nan har yau. Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, ta zauna a nan lokacin da take gudun hijira. Amma ba waɗannan suka kawo mu ba. Da hantsi Malam ya ari babur ya goya ni, muka bar kwalta, muka hau wata 'yar hanya har muka ɓullo wani fili da ban taɓa ganin irinsa ba.

Fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka, ba itace sai jefi-jefi, ciyawa gajera ta fara zama ruwan ɗorawa. Ko'ina ga ƙananan suri masu hula a ka, tamkar an kafa lema-lema, tsawonsu bai wuce gwiwa ba. Gara ce ta gina su haka don ruwan sama ya zame ta gefe. Wannan fili shi suke kira bowal. Malam ya miƙo mini wani ƙarfe mai tsini ya ce, “Bismillah, haƙa mini rami.” Na soka, ƙarfen ya shiga bai kai taƙi ba, ya yi ƙara. Na matsa gaba na sake, haka. A wani wurin ma ko yatsa uku bai shiga ba. Da na kankare da hannu sai ga abin da ke ƙasa: marmara ja mai duhu, a dunƙule, tauri kamar ƙarfen kansa. A bakin gangare kuwa, inda marmarar ta ƙare, dutsen yashin ne tsirara ake takawa.

Ƙasar da na kankaro na murza a tafin hannu. Baƙa-baƙa ce, mai laushi, cike da tsakuwa da saiwoyi sirara sun saƙe ta kamar tabarma. Malam ya ce baƙin nan ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da tokar gobarar shekaru, kuma duk arzikin wurin yana cikin wannan ɗan taƙin. Masana suna kiran irin wannan ƙasa Leptosol, duk wadda za ka tarar da dutse kafin ka haƙa santimita 25. Ya lissafa mini halinta kamar mai ba da labarin maƙwabcin da ya daɗe da sani. Tana da tsami, awonta kan tsaya wajen 5 a ma'aunin da 7 ne tsaka-tsaki. A irin wannan tsami sinadarin alminiyam na narkewa ya ƙona bakin saiwa. Sinadarin fosfaras kuwa, wanda dama kaɗan ne, ƙarfen da ke cikin ƙasar ya kama shi ya riƙe, tsiro na gani ba ya samu. Ko ka zuba takin zamani, rabinsa a banza.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar ruwa. Da damina, in ji shi, wannan filin da nake tsaye tafki yake zama, ruwa har idon sawu, domin ba shi da hanyar nutsewa. Ruwan sama na ɗaukewa kuma, kafin ka ce me, ya bushe ƙayau, tunda ba zurfin da zai ɓoye laima. Wata shida tana jiƙe sharkaf, wata shida tana ƙone. Itace ba ya jure wannan, shi ya sa ba ka ganinsa sai inda dutse ya tsage. Nan za ka ga kura, wani babban itace mai 'ya'ya da ake ci, ko ɗorawa, sun cusa saiwa cikin tsagar sun tsaya su kaɗai. Ciyawa ce kawai ta iya zama da wurin: ta fito da ruwan farko, ta yi iri da wuri, ta mutu.

Muna cikin haka sai ga shanu. Da na hango su na ɗauka maruƙa ne aka sako, sai da suka matso na ga ƙaho da hantsa. Gajeru ne, jajaye-jajaye, ba tozo ko kaɗan. Waɗannan su ne Ndama, kuma nan ne asalinsu. In ka tsayar da ɗaya kusa da Bunajinmu ko Bokolo, sai ka ce 'yarsa ce. Nononta ma kaɗan ne, abin da za a tatsa bai taka kara ya karya ba. Amma tana jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, wadda ke kwantar da manyan shanunmu in suka kutsa kurmi. Ƙafarta ta saba da dutse, cikinta ya saba da ciyawa maras daɗi. Na tsaya ina kallon wata tana tsinkar ciyawa a tsakanin tsakuwa, leɓenta na gogar falalen dutse. Malam bai ce komai ba, ya dai kalle ni.

Mai shanun dattijo ne, muka gaisa da “On jaaraama”, gaisuwarsu ke nan, na ƙara da 'yar Fillancin da na tsinta a Adamawa, ya yi murmushi ya gyara mini. Malam na kiransa Kaawu, ni ma na bi. Na tambaye shi yadda dabba ke rayuwa a nan in rani ya tsananta. Ya ce bowal na damina ne. Lokacin da kwari ya cika da shuka da ƙuda, shanu na nan sama, ga iska, ga ɗanyar ciyawa. In ta bushe sai a gangara bakin rafuka da fadamu, masu manyan garke na yamma kuma har ƙasashen bakin teku suke kaiwa. Ya kuma ba ni labarin tuppal: a kan haƙa wuri a kwaɓa ƙasar suri da gishiri da ɓawon wasu itatuwa, a tara shanu su lasa, ana yi ana shagali. Na ce ai mu ma muna ba su kanwa, mutanen Nijar kuma har Ingal suke kora garke don lasar gishiri. Malam ya ce dalilin ɗaya ne. Abin da babu a ƙasa babu shi a ciyawa, saniya kuwa jikinta na gaya mata. In ka ga tana tauna tsohon ƙashi a daji, fosfaras take nema.

Daga Dalaba muka gangara Pita. A hanya na riƙa nuna wa Malam filaye masu kyan gani, shimfiɗaɗɗu, ƙasa mai laushi ba dutse, ina cewa ga inda zan yi gona in an ba ni. Ya ce to na zaɓi ndantaari, kuma zan sha wahala. Tana da zurfi fiye da bowal, amma ruwa ya wanke ta tas, tsami ya kama ta. Ba abin da ke yi a kanta sai acca, wadda su ke kira fonye, ita ma sai an bar gonar ta huta shekaru. Wasu kan sassabe ciyawar da ƙasarta, su tara tsibi-tsibi su cinna wuta, tokar ta rage tsamin na ɗan lokaci. Sannan ya nuna mini wani gangare mai ban tsoro, duwatsu birjik, wanda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Ya ce wannan hansangere ce, kuma manomi ya fi son ta, har shinkafar tudu ake yi a kai. A nan itatuwa ke zuba ganye, duwatsun na tare ƙasa da laima. A wurare da dama kuma wani baƙin dutse ne ya kutso cikin dutsen yashin yana narkakke, wajen shekara miliyan 200 baya, lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka. Shi in ya ruɓe jar laka yake bayarwa mai abinci. Idon da na zo da shi daga gida, wanda ke auna gona da shimfiɗa da rashin dutse, bai yi mini aiki a nan ba.

A wani ƙauye kusa da Pita muka sauka gidan gwaggon Malam. Tun daga nesa ƙauyen ya bambanta da kewayensa: daji ya yi fari-fari, shi kuwa kore shar, mangwaro da lemo da fiya da ayaba sun rufe rufin ɗakuna. Shiga gidan ma sai da dabara, don ba ƙofa, wani ɗan tsani ne na itace ake hawa a tsallaka shinge. A nan na gane wani abu da ya juya mini lissafi. Mu da damina dabba muke ɗaurewa ko mu sa mata makiyayi, gona na sake. Su dabba ce a sake, gona ake killacewa. Saniya da akuya na yawo yadda suka ga dama, wanda bai yi shinge ba shi ya jawo wa kansa.

Cikin shingen shi ne suntuure, lambun gida, kuma na mata ne. Kowace matar aure da nata. Tsohuwar, Neene muke ce mata, wato inna, ta zagaya da ni. An riga an cire masara, amma ga gwaza, ga rogo, ga dankali, ga kuɓewa da barkono da yalo, duk a cakuɗe ba layi. Ƙasar a rufe take da ganye, ba ka ganin fatarta. Malam ya sake miƙo mini ƙarfen nan. Na soka, ya shige har kamu guda bai taɓa komai ba. Ƙasa baƙa wuluk, mai sanyi, da tana a ciki. Tsakaninta da bowal irin wanda ƙarfen ya yi ƙara a kansa tafiyar 'yan mintoci ce.

Na tambayi Neene ko dama wurin haka Allah ya yi shi, shi ya sa aka kafa gida a kai. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wa Malam ya gaya wa baƙonsa cewa da kai aka ɗauko wannan ƙasa. Da rani ita da jikokinta suna bin bowal da kwando suna tsintar busasshen kashin shanu. Tokar murhu, sharar tsakar gida, kashin awaki da ke kwana a ɗan ɗakinsu mai ƙafafu, duk nan suke ƙarewa. In masara ta fito kuma sai a shiga daji a saro ɗanyen ganye a shimfiɗa a gindinta. Uwar mijinta ta yi haka a wannan wuri, ita ma ta tarar an yi. Ana noma shi kowace shekara ba hutu, kuma bai gaji ba.

A nan ne maganar Malam ta zauna mini. Wancan fili da na raina, wanda ko garma ba za ta kama ba, shi ke ciyar da wannan lambu. Saniya na yawo a kan eka da yawa na ƙasa maras zurfi, tana tsintar ɗan abin da ke cikin ciyawa, ta tara a cikinta ta ajiye, mace ta kwashe ta kai cikin shinge. Wanda ya taɓa ganin jakuna na fita daga Kano da mangalar toka da shara zuwa gonakin karkara ya san wannan hikima, sai dai mu daga birni muke ɗebowa, su daga dutse. Ina ganin duk wanda zai zo da wani shiri na raya wannan ƙasa, ya kalli bowal ya ce fili ne da ba a amfani da shi, bai leƙa bayan shinge ba.

Da dare aka kawo lacciri da kosan, dambun masara ne da kindirmo, na ci kamar a gida. Hira ta kai mu ga abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba. A zamanin Almamai, masu shanu da malamai na zaune a tudu kusa da masallaci, bayi kuwa, da yawansu daga Jalonke da sauran ƙabilun da aka ci da yaƙi, an ajiye su a ƙauyukan da ake kira runde, galibi can ƙasa kusa da gonaki, su ke noman. Bauta ta wuce, amma wa ke da wace ƙasa, wa ke aro, har yanzu tsohon rabon na da tasiri. Malam ya ce ko aikin raya fadama aka kawo, kafin a kafa fartanya sai an zauna an warware wannan.

Mun ratsa Timbi Madina, inda filayen da aka daɗe ana yi wa kallon marasa amfani suka zama gonakin dankalin Turawa. Ƙungiyar manoman Futa Jalon da aka kafa a 1992 ita ta ja gaba, har ta sa gwamnati ta riƙa dakatar da shigo da dankali daga Turai a lokacin girbi na wasu shekaru. Sirrin dai bai sauya ba: taki mai yawa na dabba, a haɗa da na zamani, a ja ruwa. Buhun kashin shanu ya zama abin sayarwa, abin da Neene ke tsinta kyauta.

Daga Labe zuwa garin Mali, ba ƙasar Mali ba, wani gari ne a arewacin Gini, hanyar ta fi ƙarfin a kira ta hanya. Mota na tafiya a kan falalen dutse, direba na bin sawun waɗanda suka riga shi. Can ne Dutsen Lura, mafi tsawo a Futa, ya haura mita 1,500, da wani ɓangarensa da iska da ruwa suka sassaƙa ya yi kama da fuskar mace, har suna kiransa Uwargidan Mali. Daga sama muka hango hayaƙi na tashi wuri-wuri. Makiyaya ne ke sa wuta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, don ta ci sama-sama, sabon toho ya fito. Malam bai ƙi wannan ba. Wadda yake tsoro ita ce wutar ƙarshen rani, mai cinye har saiwa, ta bar ɗan taƙin ƙasar nan tsirara ruwan farko ya same shi. Abin da ya tafi a damina ɗaya a irin wannan wuri, jikan jikanka ba zai ga ya dawo ba.

Ya nuna mini kudu da hannu, ya ce ruwan da ya faɗi a waɗannan duwatsu ba nasu ba ne su kaɗai. Kogin Gambiya kusa da Labe ya ɓuɓɓugo. Bafin, wanda ke zama Kogin Sanagal, daga wajen Mamu. Tinkiso kuma ya gangara gabas ya faɗa Kogin Kwara kusa da Sigiri, ruwan da ke wuce Yamai da Yawuri ya tara a Kainji. Saboda haka ne bayan farin shekarun 1970 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗauki kula da waɗannan tsaunuka a matsayin aikin ƙasashen yankin gaba ɗaya. Ban taɓa kawowa a raina cewa wutar lantarkin da ake ɗauke mana tana da alaƙa da ciyawar da Ndama ke ci ba.

A hanyar komawa Labe na lura shingen waya ya fara maye gurbin na itace a ƙauyuka da dama. Malam ya ce kuɗin 'yan ci-rani ne. Mazan Futa sun daɗe suna tafiya Dakar da Abijan da Turai, gyaran shinge kuwa aikin namiji ne, kowace shekara sai an sare itace an sake kafawa. Wanda ya yi nisa sai ya aiko da kuɗin waya ya huta, dajin ma ya huta da sara. Tsintar kashin shanu da saran ganye dai har yanzu ba a samo wayar da za ta yi su ba, kuma 'yan matan da za su gaji Neene rabinsu na makaranta a Labe, sauran na jiran biza. Da muka isa tasha an ce motar Konakiri saura mutum uku ta cika, muka biya, muka zauna jiran na tara.